Motocin Sintiri da Fafarar Masu Laifi: Yadda Ake Ƙera Su da Inda Suka Samo Asali

Ba kowace mota da aka shafa wa fentin 'yan sanda aka ɗora mata jiniya ce ke zama motar fafarar masu laifi ba. A Amurka, inda wannan sana'a ta fi bunƙasa, kamfanoni irin su Ford da Chevrolet da Dodge suna ƙera wasu motoci tun daga masana'anta domin wannan aiki kaɗai. A ido sun yi kama da na kasuwa, amma abin da ke ƙarƙashin bodinsu daban ne.

Motar 'yan sanda ta farko da aka sani ta fara aiki ne a birnin Akron na jihar Ohio a 1899. Da lantarki take tafiya, gudunta bai wuce kilomita 26 a awa ɗaya ba, kuma aikin farko da aka tura ta shi ne ɗauko wani mashayi da ya bugu a bakin titi. Abin da ya mayar da mota ginshiƙin aikin sintiri kuwa shi ne rediyo. 'Yan sandan Detroit sun fara aika saƙo zuwa motocinsu a 1928, sai dai jami'in da ke ciki yana ji ne kawai, ba ya iya mayar da amsa. A 1933 garin Bayonne na jihar New Jersey ya fara amfani da rediyon da ake magana a kuma amsa. Kamfanin Ford ne ya fara sayar da mota mai kayan da aka tanada musamman don 'yan sanda, a 1950.

Wahalar da motar sintiri ke sha ta kasu gida biyu masu karo da juna. Mafi yawan lokacinta tana tsaye ne inji na aiki, domin rediyo da kwamfuta da fitilu da na'urar sanyaya ɗaki duk suna jan wuta. Sannan ba zato ba tsammani sai a buƙaci ta tashi da matsanancin gudu, ta taka birki, ta sha kwana, ta haye dakalin gefen titi, ta sake tashi. Saboda haka ake sa mata babban lagireto da ƙarin na'urorin sanyaya man inji da man giya, da dinamo mai ƙarfi da zai riƙa cika batir ko da motar ba ta motsi. Birkinta na jure zafi ne, shakazobarta ta fi tauri, ƙafafunta kuma na baƙin ƙarfe ne, wanda idan ya bugi dutse zai lanƙwashe maimakon ya tsage. Tsayuwar nan ma cin inji take yi: a lissafin Ford, awa ɗaya da inji ya yi yana aiki a tsaye daidai take da tafiyar kilomita 53. Shi ya sa ake sa wa motocin agogon ƙirga awanni, kuma duk mai sayen tsohuwarsu a gwanjo da ya dubi kilomita kaɗai ya yaudari kansa.

Cikinta ma an tsara shi ne da tunanin cewa fasinjan baya ba da son ransa ya shiga ba. Kujerar baya ta roba ce ko leda mai sauƙin wankewa, ƙofofin baya ba sa buɗuwa daga ciki, akwai shinge tsakanin gaba da baya, kuma a bayan kujerun gaba akan saka farantin ƙarfe don kada a soki jami'i da wuƙa. Sandar giya a jikin sitiyari take, domin a bar wa rediyo da kwamfuta wuri a tsakiya.

Babu motar da ta yi suna a wannan fage kamar Ford Crown Victoria Police Interceptor, wadda aka ƙera daga 1992 zuwa 2011. Bayan Chevrolet ya daina ƙera Caprice a 1996, kusan ita kaɗai ta rage a kasuwa, har siffarta ta zama abin da duniya ta sani a finafinan Amurka. Ba gudu ne ya ɗaukaka ta ba, domin injinta mai silinda takwas ƙarfin doki 250 kawai yake bayarwa a shekarunta na ƙarshe. Juriya ce da arhar gyara. Bodinta a kan shasi daban yake zaune kamar na babbar mota, don haka idan ta yi karo sai a miƙe shasin, a sauya ƙarfen da ya lotse, ta koma bakin aiki. Da yawa daga cikinsu, bayan sun gama aikin ɗan sanda, sun koma tasi.

Amma tana da tabo a tarihinta. Tankin manta a bayan gatarin ƙafafun baya yake, kuma an samu jami'ai da dama da suka ƙone bayan wata mota ta daki tasu ta baya da gudu yayin da suke tsaye a gefen babbar hanya. Ƙararraki sun biyo baya, kamfanin ya ƙara garkuwa a kewayen tankin, daga baya ya samar da na'urar kashe gobara ga masu buƙata. Har yau Ford yana gwada motocin 'yan sandansa da bugu ta baya a gudun kilomita 120.

Ba maganar kamfani kaɗai ake bi ba wajen tantance motar da ta cancanci fafara. Rundunar 'yan sandan jihar Michigan da ofishin sherif na gundumar Los Angeles suna gwada sababbin motoci kowace shekara, su auna tashi da tsayawa da shan kwana, kuma rundunoni da yawa kan duba sakamakon kafin su kashe kuɗin jama'a. Dodge Charger ta shigo gasar a 2006, amma a yau manyan motoci masu tsayi irin su Ford Explorer da Chevrolet Tahoe ne suka mamaye aikin, saboda kayan da jami'i ke ɗauka sun ƙaru.

Motocin alfarma da ake yawan gani a hotuna wani zance ne daban. Bugatti Veyron ta 'yan sandan Dubai ta nuna wa baƙi ce, ita kuma Lamborghini ta 'yan sandan Italiya an fi saninta da gaggawar kai ƙoda asibiti cikin akwatin sanyi.

Fafarar kanta tana cin rayuka. Wani bincike da jaridar USA Today ta wallafa a 2015 ya gano cewa fiye da mutum 11,500 ne suka mutu a irin wannan tsere a Amurka daga 1979 zuwa 2013, kuma sama da 5,000 daga cikinsu fasinjoji ne ko masu wucewa da ba su ji ba ba su gani ba. Wannan ya sa birane da dama suka hana jami'ansu bin mota da gudu sai idan laifin babba ne, suka koma dogaro da jirgi mai saukar ungulu, kyamarori, da shimfiɗar ƙusoshi mai sace iskar taya.

A Nijeriya, motar da aka fi sani da sintiri ita ce Toyota Hilux. Ba don tsere aka ƙera ta ba. Tsayinta daga ƙasa, juriyarta a hanyar da ba kwalta, da bayanta mai ɗaukar jami'ai da yawa ne suka sa rundunoni suka fi zaɓenta.