ZARE: Tarihin birnin Kyoto a cikin kwalin alewa

1/ A 2018 wani kamfanin kayan zaƙi a birnin Kyoto na Japan ya maka takwaransa a kotu. Abin da ya haɗa su faɗa shekara ce guda da aka rubuta a labulen ƙofar shago: 1689. Shari'ar ta kai har Kotun Ƙoli. Jama'a ku gyara zama, yau ta bakin alewa za mu bi tarihin garin nan. 🧵

2/ Kyoto ce fadar sarakunan Japan daga 794 har 1869, sama da shekara dubu ke nan. Duk wanda ya je can sai ya dawo da tsaraba. Su ma suna da kalmar, omiyage, kuma ba sa wasa da ita. Ma'aikaci ya yi tafiya ya dawo wurin aiki hannu rabbana, abin kunya ne.

3/ Abin da ya sa shekara ta isa a je kotu a kanta: a Kyoto tsufan shago shi ne jarinsa. Da tsohuwar zuma ake magani. Kuma in ka bi tsofaffin shagunan ɗaya bayan ɗaya, za ka tarar yawancinsu a cikin wuya suka samo suna: annoba, yaƙi, talaucin fada, da tashin sarki daga gari.

4/ Mu fara da annoba. A 994 cuta ta ɓarke a Kyoto, ta sake dawowa wajen 1001. A dalilin haka aka kafa wurin bautar Imamiya a arewacin gari, inda mutane ke zuwa neman tsari. A bakin ƙofarsa akwai shagon Ichimonjiya Wasuke, a taƙaice Ichiwa. Masu gidan sun ce a shekara ta 1000 aka buɗe shi.

5/ Abu ɗaya tal suke sayarwa, aburi-mochi. Shinkafa mai danƙo ce ake kirɓawa, a gutsuro kamar kan babban yatsa, a birkiɗa a garin soyayyen waken suya, a soke a tsinken gora, a gasa a garwashi, sannan a zuba masa romo mai zaƙi-zaƙi na farin miso, wato daddawarsu. Dangi ɗaya ke riƙe da gidan, zuriya sama da 20.

6/ Abin dariya, shagon da ke kallonsa a ɗaya gefen hanya, Kazariya, shi ma aburi-mochi yake sayarwa, kuma ya kai shekara 400 ko kusa da haka. A ko'ina a duniya wannan dattijon shago ne. A layin nan kuwa shi ne ƙanin.

7/ Ku lura, zamanin da aka buɗe Ichiwa babu sukari a kasuwa. A 756, cikin jerin magunguna 60 da aka ba babban wurin bautar Todaiji da ke Nara, sukari na ciki. Magani ne na gidan sarauta. Zaƙin da ake da shi sai na 'ya'yan itace, da maɗin tsiron hatsi, da ruwan wani tsiro mai yaɗo da ake dafawa ya yi kauri, amazura.

8/ Daga ƙasar Sin fasahar kayan zaƙi ta riƙa shigowa, kuma malaman addinin Buddha ne suka ɗauko da yawa daga ciki. Misali mafi daɗin ji shi ne yokan. Yau curi ne mai sulɓi na jan wake da sukari, ana yanka shi kamar sabulu. Amma haruffan sunan, in ka karanta su, ma'anarsu farfesun rago.

9/ A Sin farfesun rago ne da gaske, irin wanda ke daskarewa in ya huce. Malaman Zen na Japan ba sa cin nama, sai suka kwaikwayi kamanninsa da wake. Rago ya fita, suna ya zauna. Haka manju, ƙullin fulawa da ake turarawa: a Sin nama ake cusawa, a Japan aka mayar da shi wake mai zaƙi.

10/ Sai yaƙi. Daga 1467 zuwa 1477 manyan jarumawa suka gwabza a tsakiyar Kyoto, Yaƙin Onin. Gari ya ƙone, gonakin da ke ciyar da fada suka suɓuce. Talaucin ya kai da sarki Go-Tsuchimikado ya rasu a 1500, gawarsa ta yi kwana 40 ba a yi jana'iza ba, don babu kuɗi.

11/ Magajinsa, Go-Kashiwabara, sai da ya jira shekara 21 kafin a samu abin yi masa bikin naɗi, a 1521. A wannan hali ne wani mai sayar da mochi kusa da fada, gidan Kawabata Doki da aka kafa a 1503, ya fara kai wa sarki karin kumallo kullum safiya. Talaka na ciyar da sarki. Duniya ke nan.

12/ Daga baya fada ta farfaɗo, sarki ya daina buƙatar abincin. Amma ba a daina kaiwa ba. Kullum a kawo, a ajiye gaban sarki, ya duba, a ɗauke. An yi haka kimanin shekara 350. Har yau a katangar tsohuwar fadar akwai wata 'yar ƙofa da ake kira Doki-mon, ƙofar Doki. Mai mochi ya samu ƙofa da sunansa a gidan sarki.

13/ Yanzu sukari ya shigo. 'Yan Fotugal sun sauka Japan a 1543, da bindiga, da addinin Kirista, da kayan zaƙi. A 1569 wani limaminsu, Luís Fróis, ya gana da Oda Nobunaga a Kyoto, mutumin da ke kan hanyar haɗe Japan da takobi. Cikin gaisuwar da ya kai masa akwai kwalbar gilashi cike da alewa.

14/ Alewar nan 'yan Fotugal na kiranta confeito, Japanawa suka mayar konpeito. 'Yan ƙananan ƙwayoyi ne masu ƙahonni kamar taurari. Fróis ya samu izinin zama a Kyoto. Daga baya an kori limaman, an haramta addininsu, an rufe ƙasar ga 'yan Fotugal a 1639. Alewar dai ba wanda ya kore ta.

15/ A Kyoto akwai gidan Ryokujuan Shimizu, tun 1847 konpeito kawai yake yi. Ana zuba ƙwayoyin a wani katafaren kasko mai juyawa a kan wuta, ana yayyafa ruwan sukari kaɗan-kaɗan. Tukunya ɗaya na cin mako biyu zuwa kwana 20. Masu sana'ar sun ce sai ka shekara 20 kafin a kira ka gwani.

16/ A zamanin Edo, 1603 zuwa 1868, farin sukari ta tashar Nagasaki yake shigowa a jiragen Sinawa da 'yan Holan. Tsada kamar me. Shi ya raba kayan zaƙi gida biyu: jogashi na manya, da farin sukari, da dagashi na talakawa, da baƙin sukari ko maɗi. A 1775 masu jogashi a Kyoto suka kafa ƙungiya, suka ƙayyade kansu gida 248.

17/ Baƙin sukarin ma akwai hawaye a bayansa. A tsibiran Amami da ke kudu, masarautar Satsuma ta tilasta wa mutane noman rake a maimakon abincin da za su ci, ta hana su sayar wa kowa sai ita, da horo mai tsanani. Kuɗin sukarin nan na cikin abin da ya ƙarfafa Satsuma har ta shiga gaba wajen kifar da gwamnatin Tokugawa a 1868.

18/ To me ya sa kayan zaƙin Kyoto suka fi na ko'ina ado? Shayi. Garin koren shayinsu, matcha, ɗaci gare shi, don haka kafin a sha sai a ci wani abu mai zaƙi. Sen no Rikyu, wanda ya rasu a 1591, shi ya daidaita ladubban zaman shayi, kuma manyan gidaje uku na zuriyarsa duk a Kyoto suke har yau.

19/ Wajen ƙarshen ƙarni na 17 aka fara zana kayan zaƙi a littafi, kowanne da sunansa da lokacinsa, mai saye ya duba ya zaɓa. Na bazara daban, na kaka daban. Ranar 30 ga Yuni mutanen Kyoto na cin minazuki, mai kusurwa uku da jan wake a sama. Siffar gutsuren ƙanƙara ce, don a da manya kaɗai ke samun ƙanƙara a lokacin zafi.

20/ Sai babban tashin hankali. A 1869 sarki Meiji ya koma Tokyo, fadawa suka bi shi. Garin da ya shekara dubu yana ci daga fada ya wayi gari ba fada. Dole kowane shago ya zaɓa: ya bi sarki ko ya zauna.

21/ Toraya, mai yokan, da ke kai wa fada kaya tun zamanin sarki Go-Yozei a ƙarshen ƙarni na 16, ya buɗe a Tokyo, bai kuma rufe na Kyoto ba. Yau babban kamfani ne, tun 1980 yana da shago a Paris. Kawabata Doki ya zauna. Har yanzu ƙaramin gida ne, sai ka yi oda tun kafin ka zo.

22/ Waɗanda suka zauna sai suka nemi sabon ubangida, kuma jirgin ƙasa ya kawo musu shi. An buɗe tashar Kyoto a 1877. Baƙo mai yawon buɗe ido da ɗalibai masu ziyara suka maye gurbin fadawa. Baƙo kuwa abin da yake so shi ne mai araha, mara nauyi, wanda ba ya lalacewa a hanya.

23/ Nan yatsuhashi ya samu shiga. Garin shinkafa ne da sukari da kirfa, a murza shi fale-fale, a gasa, ya fito a lanƙwashe yana ƙaras-ƙaras. In kun san nakiya, ku ɗauka ɗan'uwanta ne na nesa da aka gasa ya bushe. Bikin naɗin sarki Taisho a Kyoto a 1915 ya tara jama'a daga ko'ina, suka koma gida da shi.

24/ Sunan fa? Labari biyu ne. Wasu sun ce don tunawa da Yatsuhashi Kengyo, makahon makaɗin da ya rasu a 1685, aka binne shi a Kurodani cikin Kyoto. Gwanin koto ne, abin kiɗa mai tsirkiya 13 da ake kwantarwa a ƙasa, kuma lanƙwasar alewar siffar koto ce. Wasu sun ce sunan wata gada ce a wani tsohon labari.

25/ Mun dawo kotu ke nan. Kamfanin Shogoin Yatsuhashi na rubuta cewa a 1689 aka kafa shi, shekara huɗu bayan rasuwar makaɗin. Izutsu Yatsuhashi, da ke kirga nasa daga 1805, ya ce babu takardar da ta tabbatar da haka, yaudarar masu saye ce. Ya nemi a hana rubutun, a biya shi yen miliyan 6.

26/ A 2020 kotun Kyoto ta kori ƙarar. Ba ta ce 1689 ta tabbata ba fa. Abin da ta gani shi ne mai saye ya san irin wannan shekara labarin kaka da kakanni ne, kuma ba za a ce an ruɗe shi ba. Kotun ɗaukaka ƙara ta Osaka ta amince, Kotun Ƙoli ta rufe maganar a 2021. Shekarar na nan a labule.

27/ Ga inda abin ya fi ban mamaki. Wanda baƙi suka fi saye yau ba gasasshen ba ne. Ɗanyen ne, mai laushi, da aka ninke kusurwa uku da wake a ciki. Shi kuwa a shekarun 1960 ya bazu, musamman bayan wani kamfani ya fito da samfurin Otabe a 1966. Ana rigima kan 1689, kasuwa na hannun ɗan 1966.

28/ Wato abin da ya fi cika kwalaye a tashar jirgi shi ne mafi ƙarancin shekaru. Wanda ya fi tsufa kuwa, aburi-mochi, da zafinsa ake cin sa, in ya kwana ya taurare. Sai dai ka je ka zauna a bakin ƙofar Imamiya, hayaƙin gawayi na shigar maka ido.

29/ Ga mai niyyar zuwa, a taƙaice:
• Masu jure tafiya har gida: konpeito, gasasshen yatsuhashi, yokan da ke cikin leda a rufe.
• Masu kwanaki kaɗan: ɗanyen yatsuhashi.
• Na ci nan take: aburi-mochi, da mame-mochi na Demachi Futaba, shagon 1899 da ba a raba shi da layi.

30/ Yawancinsu shinkafa ne da wake da sukari da kanten, wani abin daskararwa da ake samu daga ciyawar teku. Amma wasu ana sa musu giyar shinkafa ko mirin don ƙamshi, wasu na zamani kuma akwai sinadarin daskararwa na dabba. A duba bayan kwali ko a tambayi mai shago kafin a saya.

31/ In ba ka son zaƙi, tarihin bai ƙare ba. Yadin Nishijin, da ake saƙawa da siliki da zaren zinare, ma'anar sunansa sansanin yamma, don a inda rundunar yamma ta yada zango a Yaƙin Onin masaƙa suka zauna. Akwai shayin Uji, da maficin ninkewa, da tangaran ɗin Kiyomizu.

32/ Tsofaffin shagunan nan suna da suna guda, shinise, kuma a faɗin Japan kamfanonin da suka haura shekara 100 sun fi dubu 30. In gida ya rasa magajin da ya iya sana'ar, sukan ɗauki suruki ko yaron shago su ba shi sunan gidan. Ta haka labule ɗaya ke wuce mutum 20 yana rataye a ƙofa guda.

33/ Nan zan dakata. Ina so in ji daga gare ku: a garinku wane gida ne aka sani da alkaki, ko gireba, ko kilishi tun zamanin kakanni, kuma wa ke riƙe da shi yanzu? Ku ajiye mana sunan unguwar a ƙasa. Wanda ya ƙaru ya tura wa wani.