Waya a Kan Gora: Tarihin Eriya a Kaduna

Kafin FM ta shigo Kaduna, wanda ya ratsa Unguwar Shanu ko Kawo ko Tudun Wada ya ɗaga kai, da wuya ya rasa ganin siririyar waya ta fito daga tagar wani ɗaki ta haye kan gora, ko ta maƙale a reshen dogonyaro. Eriya ke nan. Maigida ne ya ɗaura ta don akwatinsa ya jawo masa BBC, wadda ta fara magana da Hausa ranar 13 ga Maris 1957, ko Muryar Jamus, ko Muryar Amurka da ta buɗe sashen Hausa a 1979.

Amma wayar rediyo ta farko a Arewa ba ta kama komai daga iska. Turawan mulki sun kafa wa Kano rediyon waya a 1944, Kaduna da Zariya suka biyo baya: a kamo shiri a ofishi guda, a tura shi ta waya zuwa lasifikokin gidaje da dandali. Mai sauraro ba shi da zaɓi, abin da aka ba shi shi zai ji. Rediyo mai batir ne ya tsinke wannan igiya.

A 1962 gwamnatin Sardauna Ahmadu Bello ta haɗa hannu da kamfanonin EMI da Granada na Ingila ta kafa gidan rediyo da talabijin na Arewa a Kaduna. Ta nan Manjo Nzeogwu ya yi jawabin juyin mulki ranar 15 ga Janairu 1966, ta nan kuma tafsirin Sheikh Abubakar Gumi daga Masallacin Sultan Bello da gaishe-gaishen Zaɓi Sonka suka riƙa tsallaka iyaka zuwa Nijar da Kamaru da Gana. Na'urorin watsa shirin suna Jaji, kan hanyar Zariya. A da Hausa tana fita a kilohaz 6090, kan mita 49, akwai kuma 4770 kan mita 60, da 9570 kan mita 31.

Me ya kawo layuka har haka ga gida ɗaya? Can sama akwai wani rufin iska da hasken rana ke cajawa, shi ke maido da igiyar rediyo ƙasa. Da rana ya fi yi wa gajerun mitoci kirki, da dare dogaye su samu hanya. Kuma kowace mita da tsawon wayar da take so. Ƙa'idar masu sana'ar ita ce a raba 143 da adadin megahaz, abin da ya fito shi ne tsawon eriya mai fukafukai biyu: wajen mita 23 da rabi ga 6090, mita 30 ga 4770, mita 15 ga 9570. Mai sauraro bai damu da wannan lissafi ba, kuma yana da gaskiya, don wajen kamawa ko wayar tsohon injin fanka daga kasuwar Panteka ta wadatar. Mai aikawa ne ba a yi wa afuwa. In tsawon bai dace ba, wani kaso na wutar sai ya juyo ya koma cikin na'ura, ta yi zafi, wani lokaci ta ƙone.

Nan ne 'yan rediyon sha'awa suka shigo, masu lasisin yin magana da takwarorinsu na duniya ba don kuɗi ba. A zamanin Turawa alamar kiran Najeriya tana farawa da ZD2, bayan 'yancin kai ta koma 5N. Matsalarsu irin ta Jaji ce, sai dai ba su da fili ba su da hasumiya: ana son waya ɗaya ta yi aikin huɗu ko biyar.

Louis Varney na Ingila ya fito da tasa dabarar a 1946, waya mai tsawon ƙafa 102 da har yau ake kira da alamarsa, G5RV. Wasu suka sa tarko, wato naɗin waya da kafasito a tsakiyar kowane fiffike, ya tare wata mita ya bar wata ta wuce. Masu tafiya da kaya a jaka sun fi son wadda ake yankawa gaɓa-gaɓa a sa maƙalai: a cire maƙali waya ta gajarce zuwa mita 10 don zangon mita 20, a mayar ta kai mita 20 don zangon mita 40. Wannan ta mita 40 har gyara take bayarwa, domin tana aiki a zangon mita 15 ba tare da an taɓa ta ba.

Saiti kuwa aikin haƙuri ne. Ana yanka waya da ɗan rara, a ɗaga ta, a duba ma'aunin wutar da ke juyowa, a sauke, a naɗe ɗan yatsa biyu daga kowane baki, a sake ɗagawa. Gwanaye naɗewa suke yi, ba sa gaggawar sa almakashi. Rufin kwano kusa da waya yana canja lissafin, haka jiƙaƙƙiyar ƙasar Agusta da busasshiyar ta Fabrairu. Ƙurar hunturu tana tara wuta a doguwar waya har ta ɗana wa mutum yatsa, da damina kuma ko mai gyaran rediyon bakin kasuwa zai ce a cire eriya da zarar hadari ya haɗo.

FM da wayar hannu sun sauke yawancin wayoyin nan daga kan gora, shi kansa gidan rediyon Kaduna yanzu ya fi samun 'yan gari ta Supreme FM da Karama FM. Janareto da inbata da cajar waya mai araha sun cika gajeren zango da ƙara a cikin unguwanni, abin da ya sa mai sha'awa a yau, a Kaduna ko a Turai, ya gwammace ya naɗe wayarsa ya ɗauki batir ya fita bayan gari.