Bashin Bristol da Haihuwar Ajin Mutum Goma Sha Biyu

A ƙarni na 18 garuruwan Ingila sun cika da ma'aikatan haƙar kwal da masaƙa da leburorin tashar jiragen ruwa, waɗanda yawancinsu ba su taka ƙofar majami'a. John Wesley, limami a Cocin Ingila wanda aka haifa a 1703, ya fara wa'azi a fili a birnin Bristol a 1739, bisa gayyatar abokinsa George Whitefield. Dubban mutane suka riƙa taruwa. Sai dai taro kamar kasuwa yake, yana ci yana watsewa. Abin da ya dami Wesley shi ne makomar wanda ya tuba ranar Lahadi, ya wayi gari Litinin babu mai tambayar halin da yake ciki.

Tun kafin nan ya ga misali a wurin 'yan Morabiya na Herrnhut a ƙasar Jamus, inda ya kai ziyara a 1738, ya tarar da masu bi sun kasu ƙananan rukunoni suna kula da juna. Amma tsarin da ya zama ginshiƙin ɗariƙar Metodis daga matsalar kuɗi ya fito. Ɗakin taron da aka gina a Bristol ya bar bashi a wuyan Wesley. A watan Fabrairun 1742 aka zauna neman mafita, sai wani da ake kira Kyaftin Foy ya ba da shawarar kowa ya riƙa ba da kwabo ɗaya a mako. Da aka ce wasu ba su da halin kwabon, ya nemi a haɗa shi da mutum goma sha ɗaya daga cikin mafi talauci, ya riƙa zagaya su, wanda ya kasa shi zai biya masa. Haka aka raba jama'a kashi-kashi, kowane kashi kimanin mutum goma sha biyu da jagoransu, aka kira shi aji.

Masu karɓar kwabo suka fara dawowa da labarin da ya fi kwabon muhimmanci: wane ya koma shan giya, wance ba ta da lafiya, su wane ba sa ga maciji da juna. Wesley ya gane cewa ya sami hanyar kiwon jama'ar da ya daɗe yana nema. Da bin gida-gida ya yi wuya, musamman ga barorin da iyayen gidansu ba su yarda da baƙi, sai aka koma haɗuwa wuri ɗaya sau ɗaya a mako. Jagora yakan fara bayyana halin zuciyarsa, sannan ya tambayi kowa nasa, a yi nasiha da addu'a. Duk wata uku akan ba mamba tikiti, wanda ya yi sakaci kuma a hana shi sabo.

Ƙarfin tsarin yana cikin sauƙinsa. Ba ya bukatar gini ko limami mai digiri. Maƙeri ko mai wanki, namiji ko mace, na iya jagorantar aji, daga cikin jagororin kuma aka riƙa samun masu wa'azi. Idan aji ya cika sai a buɗe wani. Lokacin da Wesley ya rasu a 1791, mambobi a Birtaniya da Ayalan sun haura 70,000.

Afirka ta Yamma ta nuna yadda irin wannan rukuni ke riga limami isa wuri. 'Yantattun bayi da suka sauka Saliyo daga Nova Scotia a 1792 sun zo da azuzuwansu, suka riƙe su shekaru ba tare da mishan daga Ingila ba. A Cape Coast, cikin ƙasar Gana ta yau, wasu samari ne masu taruwa don karatun Littafi Mai Tsarki suka nemi a aiko musu da littattafai, aka turo Joseph Dunwell a farkon 1835. Bai cika wata shida ba zazzaɓi ya kashe shi, amma rukunin bai watse ba. A kan wannan harsashi Thomas Birch Freeman ya ɗora aiki daga 1838, har ya isa Badagiri a 1842.

Daga baya, da ɗariƙar ta sami manyan majami'u da limamai masu albashi, halartar aji ta daina zama sharaɗin zama mamba, taron mako ya yi rauni a Amurka da Birtaniya. Masu kafa ikilisiyoyin gida a yau suna yawan waiwayar wannan tarihi, domin tambayar da ta dami Wesley tana nan: bayan mai wa'azi ya tafi, wa zai kula da wanda ya ji?