Sahu Da Ganga: Tarihin Maci Daga Ayarin Fatake Zuwa Filin Gasa

A ranar biki irin wannan samarinmu sukan fito da ganguna da begila da tutoci, suna maci a gaban jama'a. Tun daga nesa muna jin kiɗa, amma sa'ad da suka iso, ido ne ke yin shari'a. In sahu ya miƙe, ƙafa ta sauka tare, sai zuciya ta yi fari. In kuwa sahu ya karkace, ko da kiɗan ya yi daɗi, tsofaffi sai su kaɗa kai. Bari mu duba inda wannan abu ya fito, gama yana da tarihi mai tsawo.

Jeri A Ƙasarmu Tun Da

Ba Turawa ne suka fara koya mana tafiya a jere ba. Paraku da Jugu, wanda mutanen da ke kira Zugu, zangon fatake ne a kan hanyar goro daga Kano zuwa Gwanja. Ayari kuwa ba ya tafiya barkatai. Akwai jagaba a gaba, akwai madugu mai riƙe da ragamar tafiya, akwai uban dawaki. Kowa ya san wurinsa, domin wanda ya bar jeri a daji ya ba da kansa ga 'yan fashi.

Haka kuma bikin Gani, wanda ake yi a Nikki da Jugu, kamar yadda ake Sallar Gani a Daura. Sarki yakan hau, a busa kakaki, a buga tambura, mahaya su biyo da dawakai masu ado, kowane bisa ga matsayinsa. Mai kallo yakan gane babba da ƙarami ta wurin inda mutum ya tsaya. Sa'ad da ma'aikatan mishan na SIM suka shigo Dahome a 1946, sun tarar da mutane waɗanda suka riga suka san darajar jeri.

Rawar Soja Da Birged

Abin da ya zo daga waje shi ne taku ɗaya, watau mutane da yawa su ɗaga ƙafar hagu a bugu guda. Wannan daga bariki ya fito. Faransawa sun kafa rundunar sojan Afirka a Senegal a 1857, Ingilishi kuma suka tara sojan Hausa a Ikko a 1863. Ta wurinsu badujala da fareti suka bazu a ƙasashenmu.

Yadda rawar soja ta shiga harabar ekklisiya, ga labarinta. A birnin Glasgow na Sikotlan akwai wani malamin makarantar Lahadi, William Alexander Smith, wanda kuma hafsa ne cikin sojan sa-kai. Ya ga manyan maza suna bin umarninsa a filin fareti, amma yara a aji sun gagare shi. Sai ya kafa ƙungiyar Boys' Brigade ran 4 ga Oktoba 1883, da yara wajen talatin. Kayansu ba su da tsada: 'yar hula, da ɗamara, da farar jaka a rataye, bisa tufafin da yaro ya saba sawa. Da wannan kaɗai ɗan mai kuɗi da ɗan matalauci suka zama kama ɗaya a ido. Ƙungiyar ta iso Ikko a 1908, daga baya ta yaɗu har ekklisiyoyin Arewa, inda muke kiranta Birged.

Ba a rasa gardama ba. Yaran farko suna maci da bindigogin katako, waɗansu masu bi kuwa suka ce wannan bai dace da bisharar salama ba. Aka kafa wata ƙungiya dabam a 1899 wadda ba ta ɗaukar bindiga. Ƙungiyoyin biyu suka haɗu a 1926, aka ajiye bindigogin, aka riƙe macin. Ashe horon ne ke da amfani, ba kamannin yaƙi ba.

Gasa A Amurka

A Amurka ne wannan sana'a ta yi nisa ƙwarai. Bayan Yaƙin Duniya na Farko, ƙungiyoyin tsofaffin sojoji da majami'u suka kafa rundunonin yara masu ganga da begila, suna gasa. Dokar gasar ta soja ce. Alƙalai suna bin sahu da takarda a hannu, duk wanda ya yi kuskure a rage wa rundunarsa kashi ɗaya cikin goma na maki. Saboda haka masu shirya maci suka riƙa zaɓen abin da ba shi da haɗari: miƙaƙƙun layuka da murabba'i, abin da ke dama shi ne ke hagu.

A 1971 rundunoni 13 suka haɗa kai suka kafa Drum Corps International, suka yi gasarsu ta farko a 1972 a garin Whitewater na jihar Wisconsin. Sannu a hankali dokoki suka sake. Wani gwani mai suna George Zingali ya zana wa rundunar Garfield Cadets, wadda wata majami'a ta kafa a 1934, maci mai lanƙwasa kamar kogi. A 1983 mutanensa suka jeru kamar harafin Z, sa'an nan suka warware shi da sauri suna ja da baya suna busa. Suka ci gasa a 1983 da 1984 da 1985. Daga 1984 aka bar ƙirga kurakurai kaɗai, aka koma ba da maki bisa ga wuyar aikin da kyaunsa.

Yadda Ake Zana Shi

Filin da suke wasa a kai tsawonsa yadi 100 ne, da layi a kowane yadi biyar. An daidaita taku takwas ya ci yadi biyar, watau inci 22 da rabi kowane taku. Mai zane yakan raba kiɗan ƙirga-ƙirga, ya sa wa kowane mutum ɗigo a takarda: a ƙirga kaza kana nan, bayan ƙirga 16 kana can. Da ana yi da fensir, yanzu da kwamfuta. Runduna ɗaya takan kai mutum 150 ko fiye, samari da 'yan mata, wasan kuma wajen minti 11 ne. Masu tuta, waɗanda da aikinsu gadin tutar ƙasa ne, yanzu su ne ke ba filin launi.

Ga abin lura. Yaron da ke tsaye a kan ɗigonsa ba ya ganin siffar da ake yi. Mutanen da ke zaune a bisa su ne ke gani. Shi dai nasa ya ƙirga takunsa, ya dubi na kusa da shi ta gefen ido, ya amince da mai zane. In mutum ɗaya ya makara da taku guda, zanen duka ya ɓaci.

Abin Da Za Mu Riƙe

Ba mu da irin filayensu ko kuɗinsu, amma Smith ma da hula da ɗamara ya fara. Malaman samari, ku auna fili da igiya, ku ja layi da toka, ku koyar da taku kafin ku sayi sabuwar ganga. Kada a kori yaro domin ba shi da takalmi, ko domin ƙafarsa tana da nauyin koyo. A sa shi kusa da wanda ya iya. In an shirya gasa tsakanin ekklisiyoyi, a yi ta da murna, kada kofi ya raba 'yan'uwa.

Iyaye kuma, sa'ad da samari suka wuce yau, ku dubi sahun baya kamar yadda kuke duban na gaba. Su ma suna riƙe da wurinsu, kamar yadda mutanen ayari suka riƙe nasu a hanyar Gwanja. Allah ya ba mu haƙurin koyar da su.