Daga Ɗan Doka zuwa Ɗan Sanda a Ƙasar Gumel

Ƙasar Gumel, wadda sarakunanta Mangawa suke kai gaisuwa Barno tun asali, ta daɗe da sanin cewa zaman bakin iyaka ba ya yiwuwa sai da masu tsaro, domin tun zamanin da mayaƙan Damagaram suke kawo mata hari har zuwan Nasara a 1903, dogaran Sarki ne suke kama ɓarawo, su tsare mai laifi, su zartar da hukuncin alƙali. Da Turawa suka kafu sai suka gina a kan wannan tsari, sannu a hankali aka samar da 'yan doka masu kaki da albashi daga baitulmalin En'e, alhali 'yan sandan Gwamnati, waɗanda aka haɗe rundunarsu ta Kudu da ta Arewa a 1930, ba su cika wuce manyan birane da hanyar jirgin ƙasa ba, irin wadda ta ratsa Gagarawa zuwa Nguru. Aikin kuwa yana da daraja, tun da Alhaji Ado Bayero ya riƙe muƙamin Wakilin Doka a Kano kafin ya hau gadon sarauta a 1963.

Fa'idar ɗan doka ita ce sani. Idan aka sace sa ranar Alhamis a kasuwar Maigatari, ya san dillalan kara ɗaya bayan ɗaya, ya san shaidar da kowane gida yake yi wa dabbarsa a kunne ko a cinya, ya kuma san burtalin da ɓarawo zai bi ya tsallaka Nijar kafin magariba. Amma aibinsa ma daga nan ya taso, domin wanda ya san ƙofar kowa, kuma ba ya jin tsoron kowa sai Sarki da hakimi, ba ya rasa hanyar zalunci. Kuma da siyasar jam'iyyu ta shigo, 'yan NEPU a lardunan Arewa sun sha ɗauri a hannun 'yan doka saboda lacca ba da izini ba. Duk mai begen wancan zamani wajibi ne ya tuna da wannan.

Fitinar juyin mulkin 1966 ce ta kawo ƙarshen al'amarin. Gwamnatin soja ta naɗa kwamiti a ƙarƙashin Yusuf Gobir, ya ba da shawara a mai da 'yan doka da gidajen yarin En'e hannun Tarayya, Janar Gowon ya amince, aka soma zartarwa ana tsakiyar yaƙin basasa, aka kammala bayan ƙarewarsa a 1970, lokacin Kam Selem yana Sufeto Janar, Audu Bako, wanda shi ma ɗan sanda ne, yana mulkin Jihar Kano da Gumel a cikinta. An zaɓi waɗanda suka cancanta aka sake horar da su, aka sallami saura. Hujjar mahukunta a fili take: ƙasar da ta kusa tsagewa ba ta iya barin kowane yanki da rundunarsa. A ganina sun yi daidai a wannan, sai dai an yi hasarar sanin nan, aka wayi gari ana turo wa ƙauye ɗan sandan da sai da tafinta yake jin ƙarar mai ƙara.

Darajar wannan sani ta sake bayyana daga baya: Saliyo, tun nata yaƙin bai ƙare ba, ta nemi taimakon waje, har Baturen Ingila Keith Biddle ya shugabanci 'yan sandanta daga 1999 zuwa 2003, ya kafa aikin a kan shawara da mutanen unguwa. A waɗannan shekaru ne kuma hukumar DFID ta Ingila ta kawo shirin gyaran shari'a da tsaro Nijeriya, Jigawa, wadda Gumel take ciki yanzu, tana cikin jihohin farko, ana koya wa ɗan sanda ya zauna da dagatai da masu unguwanni, wato abin da ɗan doka ya gada ba da makaranta ba. Sai dai sashe na 214 na tsarin mulkin 1999 ya haramta kafa wata runduna ban da ta Tarayya, saboda haka manomin Sule Tankarkar da aka kore wa awaki yakan fara da mai unguwa da 'yan sintiri kafin ya nufi caji ofis.