Lumumba da Arzikin Kongo: Wa Ya Ci Riba?

Uwargida, wayar da ke hannunki tana da batir, kuma cikin batirin akwai wani ƙarfe da ake kira kobalt. Fiye da rabin kobalt ɗin duniya daga ƙasar Kongo yake fitowa. Amma duk da haka mutanen Kongo suna cikin waɗanda suka fi talauci a doron ƙasa. To yaya aka yi haka? Ki gyara zama, ki ji tarihi.

Daga 1885 zuwa 1908 Kongo gonar mutum ɗaya ce, wato Sarki Leopold na Biyu na Beljiyam. Ana tilasta wa mutane tatso roba, ƙauyen da bai cika mudunsa ba a yanke wa mutanensa hannu. Bayan nan gwamnatin Beljiyam ta karɓi ƙasar, ta ci gaba da kwasar jan ƙarfe da lu'ulu'u da yuraniyam. Kin san bam ɗin da Amurka ta jefa wa Hiroshima a 1945? Yawancin yuraniyam ɗin da Amurka ta yi aikin bam ɗinta da shi daga mahaƙar Shinkolobwe ta lardin Katanga aka tono shi. Kin ga kuwa, ƙasar da ke da irin wannan ba za a sakar mata mara ta yi fitsari ba.

Ranar 30 ga Yuni 1960 Kongo ta sami 'yanci, wata uku kafin Najeriya. Firayim Minista shi ne Patrice Lumumba, tsohon ma'aikacin gidan waya, ɗan shekara 34. A wurin bikin, Sarki Baudouin ya tashi yana yabon Leopold. Shi kuwa Lumumba ya miƙe ya lissafa bulala da zagi da ƙwacen ƙasa da jama'arsa suka sha. Talakawa suka yi tafi, Turawa suka ƙullace shi.

Ba a yi mako guda ba sojoji suka yi bore, domin har lokacin babu ɗan ƙasa ko ɗaya mai muƙamin hafsa. Ranar 11 ga Yuli, Moise Tshombe ya ce Katanga ta ɓalle, da goyon bayan Beljiyam da kamfanin ma'adinai na Union Minière. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Lumumba ya nemi agajin Majalisar Ɗinkin Duniya, ta turo sojoji, daga baya har da na Najeriya, irin su Aguiyi Ironsi da Murtala Muhammed. Amma Majalisar ta ƙi yaƙar Katanga a lokacin. Da ya rasa mafita sai ya juya ga Tarayyar Sobiyet, ta aiko masa da jiragen sama da manyan motoci.

A nan gizo ke saƙar. Zamani ne na yaƙin cacar baka, Amurka da Sobiyet kamar kishiyoyi, kowacce na tsoron ɗayar ta riga ta ga tukunyar. Amurka ta ɗauka Lumumba ya zama ɗan gurguzu. A watan Satumba Shugaba Kasavubu ya tsige shi, Kanar Mobutu ya ƙwace mulki. Aka kama Lumumba, aka miƙa shi ga maƙiyansa a Katanga. Ranar 17 ga Janairu 1961 aka harbe shi tare da abokansa biyu, Mpolo da Okito, a gaban jami'an Beljiyam. Aka narkar da gawarsa da ruwan asid don kada a sami kabari.

Ki duba abin da mata suka yi. Matarsa Pauline ta fito titi a babban birnin ƙasar cikin shigar takaba tana neman a ba ta gawar mijinta, ba a ba ta ba. A 2020 'yarsa Juliana ta rubuta wa Sarkin Beljiyam wasiƙa. Sai a 2022 aka mayar wa iyalin abin da ya rage: haƙori ɗaya. Kafin nan, a 1975 binciken majalisar dattawan Amurka ya gano cewa hukumar leƙen asirinsu ta CIA ta shirya sa masa guba, a 2002 kuma Beljiyam ta nemi gafara.

Mobutu, aminin Amurka, ya riƙe ƙasar daga 1965 zuwa 1997, ya tara dukiya, asibitoci da makarantu suka lalace. Hausawa sun ce arziki rigar ƙaya. Ma'adinin da ke ƙarƙashin ƙasa ba ya zama tuwo a kwanon yaro sai an sami shugabanni masu amana da jama'a mai haɗin kai, wadda ta san abin da ta mallaka.

Saboda haka uwargida, idan kin ji ana maganar man fetur ko zinare ko yuraniyam a rediyo, kada ki ce zancen maza ne. Ki tambaya: wa ke haƙa, wa ke saye, ina kuɗin ke zuwa? Ki koya wa 'ya'yanki su ma su riƙa tambaya. Allah Ya ba mu shugabanni nagari. A huta lafiya.