MURYA DA SAUTI: TARIHIN WASU HARUFFA BIYU NA JAFANAWA

 A wannan fitowa ina so mu ɗan yi nisan zango, mu leƙa ƙasar Jafan, mu dubi tarihin haruffa biyu daga cikin irin rubutun da suke kira kanji. Na farko shi ne 音, wato sauti ko ƙara. Na biyu kuwa 声, wato murya. Yaro a Jafan yana koyon na farkon a aji ɗaya na firamare, na biyun kuma a aji biyu, don haka ba wasu haruffa ba ne masu wuya. Amma wanda ya bi salsalarsu zai ga yadda al'umma takan ari rubutun wasu, ta yi ta sarrafa shi har ya zama nata.

Da farko dai ya kamata mai karatu ya sani kanji ba irin abacada ɗinmu ba ne. Mu harafinmu sauti kawai yake ɗauke da shi, sai an harhaɗa sannan ma'ana ta fito. Su kuwa kowane harafi yana tafe da ma'anarsa. Kalmar kanji kanta tana nufin haruffan Han, wato na Sinawa, domin can ne asalinsu. Mafi tsufan rubutun Sin da aka samu shi ne na zamanin daular Shang, kimanin shekara 1,200 kafin haihuwar Annabi Isa, wanda aka sassaƙa a jikin ƙasusuwan shanu da ƙoƙon kunkuru. Sai a 1899 masana suka gane cewa rubutu ne, aka kuma fara haƙa ta sosai a yankin Anyang a 1928.

To, mu fara da harafin murya. Tsohuwar surarsa ita ce 聲, kuma sassa uku gare ta. A sama ta hagu akwai hoton wani dutse da ake ratayewa a kaɗa a fadar sarakunan Sin, mai amo kamar duwatsun nan na Birnin Kudu da ake bugawa su yi ƙara. A sama ta dama akwai hannu riƙe da abin bugu. A ƙasa kuma ga kunne. Ke nan an buga dutse, kunne ya ji. Shi kuwa 音 daga baki ya fito. Ɗan'uwan 言 ne, harafin magana, sai dai an ƙara masa ɗan zane guda a cikin bakin. Haka wani malami mai suna Xu Shen ya bayyana shi a ƙamus ɗinsa mai haruffa 9,353, wanda ya kammala wajen shekara ta 100 Miladiyya. Yaran yau sukan haddace shi da cewa harafin tsayuwa ne a kan harafin rana, saboda haka ya yi kama a ido, amma asalinsa baki ne.

A nan abin mamakin yake. Harafin da ya fito daga dutse shi ne yau Bajafane yake rubuta muryar mutum da shi, ya karanta shi koe. Wanda ya fito daga baki kuma shi ne na ƙarar ƙofa da ruwan sama da jirgin ƙasa, ana karanta shi oto. A tsofaffin littattafan Sin rabon ya ɗan sha bamban. A can 聲 shi ne duk abin da kunne ya kama, har dabba ma ta san shi, shi kuwa 音 sauti ne da aka tsara, kamar na kiɗa. Da haruffan suka tsallaka teku sai suka tarar da mutanen da suke da kalmominsu tun fil azal, masu raba abin da mai rai ya furta da abin da kaya suka yi, aka ɗora kowace kalma a kan harafin da ya fi kusa da ita.

Yaya aka yi suka tsallaka? Akwai wani hatimin zinariya da sarkin Sin ya ba wani ɗan ƙaramin sarki na Jafan a shekara ta 57 Miladiyya, wanda aka tsinta a wani tsibiri kusa da Fukuoka a 1784. Amma rubutu bai zauna sosai ba sai wajen ƙarni na 5, ta hannun malamai da magatakarda da suka zo daga Koriya. A ƙarni na 6 addinin Buda ya shigo da littattafansa, daga 630 kuma fadar Jafan ta shiga aika jakadu da ɗalibai zuwa daular Tang. Matsalar ita ce Jafananci da Sinanci ba dangin juna ba ne, ginin jimlarsu ma daban. Sai Jafanawa suka ba kowane harafi karatu iri biyu. Akwai karatun gida, wato kun, inda ake faɗar kalmar Jafananci. Akwai kuma karatun aro, inda ake kwaikwayon lafazin Sinawa, shi ne ake kira on, da wannan harafi namu na sauti ake rubuta sunansa. Misalin da zai kusanto mana da abin shi ne lambar 3. Idan tana ita kaɗai mukan ce uku, da Hausarmu ta gado. Idan aka sa mata sifiri sai mu ce talatin, wadda muka aro daga Larabci. Alama ɗaya ce, karatu biyu.

Bugu da ƙari, shi karatun aron ma ba sau ɗaya ya shigo ba. Na farko, wanda ake kira go-on, ya zo tare da littattafan Buda. Daga baya ɗaliban da suka komo daga Chang'an, babban birnin Tang, suka zo da sabon lafazi, kan-on. A ƙarshen ƙarni na 8 fada ta ba da umurni a koma ga sabon, amma malaman addini suka riƙe abin da suka saba, har yau kuma duka biyun suna nan. Shi ya sa 音 yake zama on a cikin ongaku, wato kiɗa, amma ya koma in a cikin boin da shiin. Malamanmu na Hausa za su so waɗannan biyun: boin shi ne wasali, ma'anarsa uwar sauti, shiin kuma baƙi, wato ɗan sauti. Haka 声 yake zama sho ko sei. Idan aka rubuta 声明 aka karanta shomyo, ana nufin rera karatun ibada na mabiya Buda. Idan aka karanta seimei kuwa, sanarwar gwamnati ce, irin wadda mu ma'aikata muka saba rubutawa. Haruffan ba su canja ba, tsohon lafazi ya tsaya a wurin ibada, sabo ya shiga ofis.

A ƙarni na 9 Jafanawa suka gutsuttsura wasu kanji suka fitar da haruffan sauti zalla, hiragana da katakana, waɗanda kowannensu yake da 46 a yau. Da sun so, da nan suka yar da kanji, sai dai suka gwama su, kanji ya ɗauki tushen kalma, kana ta ɗauki ɗafe-ɗafen nahawu. Marubutansu kuma ba su bar iyakar murya da sauti ta zama katanga ba. Sukan ce muryar ƙwari idan gyare yana kuka da kaka, kuma shahararren labarin yaƙin gidan Heike ya buɗe ne da ambaton ƙararrawar wani wurin ibada, inda aka ba ta murya kamar mai rai. Shi ma 音 yana da wani karatun gida, ne, na sauti mai taɓa zuciya. Daga nan aka sami honne, wato ainihin abin da ke cikin ran mutum, saɓanin wanda yake faɗa a bainar jama'a.

Zamani ya zo da nasa gardandamin. A 1866 Maejima Hisoka, wanda daga baya ya kafa tsarin gidan waya na ƙasar, ya ba da shawarar a soke kanji don ilmi ya yaɗu. Maganar ta sake tasowa da ƙarfi bayan Yaƙin Duniya na Biyu. Ranar 15 ga Agusta, 1945, da tsakar rana, aka sa faifan jawabin Sarki Hirohito a rediyo yana sanar da saduda. Yawancin talakawa ba su taɓa jin muryarsa ba sai ranar. Ana kiran jawabin gyokuon, wato sauti mai daraja kamar dutsen ado, da harafin 音 a ciki. Amma da tsohon harshen fada aka yi shi, mutane da yawa ba su fahimta ba sai da mai gabatarwa ya yi bayani. A 1946 tawagar masana ilmi daga Amurka ta ba da shawarar a koma ga haruffan Rumawa, irin bokonmu, wani fitaccen marubuci, Shiga Naoya, har cewa ya yi a ɗauki Faransanci.

Ba a bi ko ɗaya ba. A 1948 aka gwada kimanin mutum 17,000, aka tarar waɗanda ba su iya karatu sam ba 'yan ƙalilan ne. Akwai kuma dalili na harshe: kalmomi masu lafazi ɗaya sun yi yawa. Murya da tauraro da yamma da rayuwa duk ana iya karanta harafinsu sei, ido ne yake raba su. Abin da aka yi shi ne taƙaitawa. A 1946 gwamnati ta fitar da jerin haruffa 1,850 na amfanin yau da kullum, aka kuma sauƙaƙa surar wasu a gyaran da aka kammala a 1949. A nan ne 聲, mai jan alƙalami 17, ya koma 声 mai 7, surar da masu saurin rubutu suka daɗe suna yi. Aka cire kunne, aka cire hannu, dutsen kaɗai ya rage. Ƙasar Sin ma ta ɗauki wannan sura a 1956, amma Taiwan da Hong Kong suna nan da tsohuwar. Shi 音 ba a taɓa shi ba, yana nan da jan alƙalaminsa 9. Da kamfanin Toshiba ya fito da na'urar rubutun Jafananci a 1978, kwamfuta ta biyo baya, sai wahalar rubutawa ta ragu, jerin ya ƙaru zuwa 1,945 a 1981, sannan 2,136 a 2010. Daga cikinsu 1,026 ake koyarwa a shekara shida ta firamare.

'Yan'uwa, mu ma ba baƙin wannan al'amari ba ne. Mun ari ajami muka yi masa dabarun da zai ɗauki sautukanmu, mun ari boko muka lanƙwasa kan wasu haruffa don ɓ da ɗ da ƙ. Kalmar sauti kanta daga Larabci take, inda take ɗauke da ma'anar murya da ƙara duka, amma da ta zo ta tarar da murya da amo da ƙara a gida, sai ta sami gurbinta a cikinsu. Jafanawa sun shafe fiye da shekara 1,500 suna wannan aiki, kuma kowane yaro ɗan shekara shida yana sake fara shi da fensir, harafi 80 a shekarar farko, sannu ba ta hana zuwa. Wanda yake da sha'awa a cikinmu, ko yake da ɗa mai sha'awa, ya jarraba da waɗannan biyun, ya rubuta su daga sama zuwa ƙasa, daga hagu zuwa dama, yana faɗin oto da koe.

Sai mun haɗu a fitowa ta gaba.